Asabar a Tawa: hular kaboyi da rediyon Kawu

Wuta ta ɗauke tun hantsi, zafi kuma ya hana kowa fita, sai muka shimfiɗa tabarma a zaure. Ƙanena ya fito da kwamfutarsa da ɗan sauran cajin da ke ciki, ya ce ya samo wani tsohon silima na Mustafa Alasan, mu zo mu gani. Kawu da ke kishingiɗe ya tashi zaune da jin sunan. A nan Tawa Alasan, mai shirya silima ɗan Nijar, ya yi shekarunsa na ƙarshe, yana riƙe da otal yana ci gaba da aikin zanensa mai motsi, kafin ya rasu a Wagadugu a 2015.

Silimar ta 1966 ce, Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa huluna masu faɗin baki da takalma da bindigogi. Nan take kowa ya ajiye sunan yankansa ya ɗauki na Turawa, suka hau dawaki suna sukuwa cikin daji har suna korar raƙuman dawa, suka hana ƙauye sakat. 'Yar wasan silima Zalika Sule na cikinsu, ita ma da tata hular. Ni da ƙanena mun sha dariya wurin sukuwar. Kawu kuwa tun wurin buɗe akwatin ya fara tasa, har da share hawaye, ya ce a mayar masa da wurin baya.

Na ce, "Kawu, me ka gani ne haka?"

Ya ce, "Ɗiyata, kaina na gani."

Duk ɗan Adar, wato yankinmu na Tawa, ya san tafiya biɗa. In an kai hatsi rumbu samari su kama hanya, da yawa Abijan suke nufa, su yi dako da talla da gadi, su dawo gab da faɗuwar damina. Kawu ya ce in mota ta tsaya Tsarnawa, inda hanyar Tawa ke rabuwa da babbar hanya, a nan yake neman ruwa ya wanke ƙurar tafiya, ya tura tsummokaransa ƙasan jaka, ya sa wando mai faɗin ƙafa da baƙin tabarau, ya ɗora rediyo a kafaɗa. Da haka yake shiga gari, yara na binsa, 'yan mata na yi masa waƙar tsiya a dandali. Ya ce waƙar ba ta taɓa ɓata masa rai ba, don mai yi maka ita yayanta ma haka ya shigo bara. To in damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, agogo ne ke fara tafiya kasuwa, sai wando ya bi shi. Tabarau kawai ke saura, don babu mai saye.

Inna, matar Kawu, na jin mu daga tsakar gida. Ta leƙo ta ce rediyon da yake taƙama da shi a 1984 ya tafi, shekarar El Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Da kuɗinsa aka auno hatsin da ya riƙe gidan 'yan makonni. Ta ƙara da tsokanarsa cewa kayan aro ba ya rufe katara. Kawu ya ɗaga murya ya ce wane aro, da guminsa ya saya.

Maganar nan ta tsaya mini a rai duk yinin yau. Kayan da ake yi wa dariya ajiya ce. Talakan da ba shi da asusu a banki ya sa dukiyarsa a wuyan hannu da kafaɗa, ya ci ado da ita wata biyu, ranar wuya ya sayar. Kuma da ita yake gaya wa mahaifiyarsa cewa bai wulaƙanta a can ba, ko da a bakin kanti yake kwana. Masu barkwancin wancan lokacin sun san wannan sarai, shi ya sa nake jin tausayi a ƙarƙashin dariyarsu. Alasan ya bar samarinsa sun yi kyau a kan dawaki kafin ya nuna yadda wasan ya koma faɗa.

Da ya juyo kan masu riƙe da dukiyar jama'a kuwa, hannunsa ya fi nauyi. A 1972 ya yi FVVA, haruffan farko na mata, gida, mota da kuɗi a Faransanci. Ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne ke son ya yi rayuwar manya, albashi bai kai ba, ya sa hannu a kuɗin ofis, ya ƙare a gidan kaso. Shekara biyu bayan nan, a Afrilun 1974, ana tsakiyar yunwa, Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Mutanen da suka yi dariya a gidan silima a Yamai sun san gidajen da ake nufi. Haka ma wasan kara na Damagaram, inda samari ke ƙera tabarau da kyamara da karan hatsi suna kwaikwayon manyan ƙasa: na ƙasa ne ke ɗan taɓa na sama, kowa kuma ya gane saƙon.

Bayan la'asar wuta ta dawo, ƙanena ya koma wayarsa, ya nuna mini wani ɗan bidiyo da ake yawo da shi. An sa wa wani yagaggiyar riga, an shafa masa toka, yana shirme a matsayin baƙauye. Na ce masa wannan bai ba ni dariya ba, don talaucin mutumin kawai aka kafa a gaba ana yi wa ihu, babu wanda ya damu da abin da yake nema ko abin da yake ɓoyewa. Ya ce na cika ɗaukar abu da zafi. Mun ja maganar har aka kira magariba, ba mu daidaita ba.

Da daddare Inna ta buɗe tsohuwar kwallarta ta ciro wani hoto marar kala, gara ta ci gefe ɗaya. Kawu ne a wani shagon ɗaukar hoto na Tireshibil, cikin Abijan. Ya sa kwat wanda hannunsa ya rufe masa rabin yatsu, ya ɗora ƙafa kan kujera, ya kara kan wayar tarho a kunne, igiyarta na reto ba a haɗe da komai ba. A bayansa labule ne da aka zana jirgin sama. Wannan hoton ne aka kai wa iyayen Inna lokacin neman aure, a shaida musu yaron ya kama ƙasa. Na tambaye ta ko hoton ya ruɗe su.

Ta ce, "Ruɗi na mi? Duk samarin garinmu cikin wannan kwat ɗin suka ɗauki hoto, har wana. Baba ya duba ya yi dariya, ya ce yaron da ya iya kai kansa Abijan ya dawo da kuɗin haraji ai ya isa aure."