Abin da yatsa ke ji a ƙarƙashin madannin ogan

Ogan mai bututu, babban kayan kiɗan nan na majami'a, ba ruwansa da ƙarfin hannu. Ko ka taɓa madanni a hankali, ko ka maka masa yatsa, ƙarar ɗaya ce, don iska ke busa bututun, aikin madanni kawai ya buɗe mata murfi. Abin da ke hannun makaɗi shi ne yadda murfin zai buɗe da lokacin da zai rufe.

Daga unguwar Aboabo nake shiga trotro, wato motar haya, zuwa wata tsohuwar majami'a a cikin Kumasi, wurin dattijon da ya koya mini. Ogan ɗinsa na sanduna ne: siraran itatuwa ne suka haɗa kowane madanni da murfinsa, babu lantarki a tsakani. Idan ka danna, da farko sai ka ji turjiya, iskar da ke cikin akwati ta matse murfin. Can sai ya saki, madannin ya faɗa ƙasa. Wannan 'yar turjiyar na fi ƙauna a duk kiɗan. Da ita nake sanin daidai inda murya za ta fito, in sa ta shigo da kaifi ko a tausashe, kamar yadda mai algaita ke sarrafa farkon busarsa.

Amma fa akwai wahala. Da zarar an haɗa jerin madannai biyu, kowane yatsa murfi biyu yake ja. Kafin a kai baitin ƙarshe na waƙar taro, damtsena ya yi tsami. Na ce, "Baba, hannuna ya mutu." Ya ce, "Ɗana, saki kafaɗarka, bar nauyin hannu ya yi aikin." Wannan nauyin ne ya sa Charles Barker, mutumin Ingila, ya ƙirƙiro ƙananan zugazugai masu ja a madadin yatsa, Cavaillé-Coll kuma, wani mai ƙera ogan, ya sa su a ogan ɗin majami'ar Saint-Denis a Faransa a 1841. Ga kuma hunturu: itace ya bushe ya motsa, wani murfi ya ƙi rufewa, bututu ɗaya ya yi ta kuka shi kaɗai a tsakiyar sujada.

Ranar da aka kira ni kiɗan ɗaurin aure a wata majami'a mai ogan na lantarki, sai na ji madannan ba nauyi ko kaɗan. Haɗa jeri nawa ka ga dama, duk ɗaya. Sai dai yatsa ya daina samun labari. Waya ce ke kai saƙo, maganaɗisu ya buɗe murfin yadda ya saba. Kuma an ajiye wurin zaman makaɗi nesa da bututun. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, to a tazarar mita 30 kunne na jin abin da hannu ya riga ya wuce. Mai jiran kunnensa zai yi ta jan waƙa baya, jama'a su biyo shi. Dole na riƙe bugun a cikin jikina, na mai da hankali ga ɗaga yatsa a kan lokaci, tunda tsawon kowace murya na nan a hannuna.

Wanda ya zo koyo wurina yanzu, a na sanduna nake fara zaunar da shi, da jerin bututu guda mai taushin murya, ya yi ta danna madanni ɗaya sannu a hankali har ya gane inda murfin ke saki.