Neman Yoyon Ruwa a Ƙafar Injin Jirgi

Jirgin ruwan da nake magana a kansa shi ne irin wanda injinsa ke zaune a ciki, daf da bangon baya, amma ƙafar da ke ɗauke da giya da farfela tana rataye a waje cikin ruwa. Kamfanin Volvo Penta ne ya fito da wannan tsari kasuwa a 1959 da sunan Aquamatic, MerCruiser kuma ya biyo baya a 1961. Amfaninsa a fili yake, domin ƙafar tana juyawa dama da hagu, tana kuma ɗagawa idan an zo wuri marar zurfi. Sai dai kafin a haɗa injin da ƙafar dole a yanka babban rami a bangon baya, mafi yawanta a ƙarƙashin ruwa, kuma abin da ke tsakanin mai jirgi da nitsewa bai wuce 'yan robobi da kilif-kilif ba.

Lokacin da na fara ganin ruwa yana taruwa a ƙasan jirgina, na yi kuskuren da kusan kowa ke yi, wato na kama kayan aiki kafin in tsaya in lura. Na sa aka cire ƙafar, aka canza babbar roba, muka mayar da jirgi ruwa, washegari na tarar da ruwan yana nan yadda yake. Tun daga ranar na daina fara tambayar inda ruwan ke shigowa. Abin da nake fara nema shi ne lokacin da yake shigowa, domin amsar wannan ita ce ke rage wuraren da ake zargi daga goma zuwa biyu ko uku.

Ana farawa ne da busar da ƙasan jirgi ƙaƙas, da tsumma da soso, sannan a barbaɗa hoda a jikin bangon baya ta ciki, kewaye da inda ƙarfen ƙafar ya ratsa. Sai a bar jirgin a kan ruwa, inji a kashe, a koma da tocila da ƙaramin madubi mai sanda, saboda wurin yana bayan inji ne, inda kai ba ya shiga. Ko ɗigo ɗaya ne ya gangaro, zai bar layi a cikin hodar, kuma bin layin nan zuwa sama shi ne ke kai mutum ga bakin ɓarnar. Kafin duk wannan, a duba murfin da ke toshe ramin zubar da ruwa a gindin jirgi, don ba ƙaramin abin kunya ba ne a kwance rabin jirgi saboda murfin da bai ɗauru ba.

Idan ruwa yana shiga alhali inji a kashe yake, to hankali ya koma kan robobin nan masu ninki kamar zugazugin maƙeri. Guda uku ne a yawancin ƙafafun MerCruiser. Babbar ita ce ta rufe sandar da ke kai juyin inji zuwa ƙafa, ta biyu ta salansa ce, ƙaramar kuma ta wayar canza giya. Ta salansa idan ta yage yawanci ƙara kawai take jawowa, amma sauran biyun hanya suke buɗe wa ruwa kai tsaye. A nawa jirgin ƙaramar ce ta tsage, tsagar da ba ta kai tsawon farce ba, tana ɓoye a cikin ninki, ba ta buɗewa sai an ɗaga ƙafar sama. Shi ya sa yake da kyau wani ya riƙa ɗaga ƙafar yana saukewa, yana juya sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare, yayin da mai tocila ke kallo daga ciki. A kan tudu kuwa, a ɗaga ƙafar, a juya ta gefe, a bi kowane ninki da yatsa, musamman ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Babbar robar tana da wata alama tata. Ruwan da ya shiga cikinta yana fara cin boris ɗin da sandar ke juyawa a ciki, sai a riƙa jin gurnani daga baya duk lokacin da aka karya kwana. Wanda ya ji wannan ƙara ya san robar da boris ɗin tare za a canza su. Ina kuma ganin rashin dabara ne a cire ƙafa a canza roba ɗaya a bar sauran, tunda shekarunsu ɗaya kuma wahalar kwancewar ɗaya ce.

Idan kuwa ƙasan jirgi yana zama a bushe har sai an tayar da inji, to laifin ba na robobin ba ne. A duba tiyo-tiyon ruwan sanyaya inji, da famfon ruwa, da mahaɗar bututun salansa. A taɓa ruwan da hannu, domin mai ɗumi daga inji ya fito. Kuma kada a tayar da injin fetur a rufaffen wuri sai fankar fitar da tururi ta yi aƙalla minti 4 tana aiki.

Akwai wani yoyo da ba ya jiƙa cikin jirgi ko kaɗan, wato ruwan da ke shiga man giya. Idan aka kwance sukurun da ke ƙasan ƙafar aka ga man ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Sau da yawa zaren fatsa ne ya nannaɗe bayan farfela har ya yanke sil, wato robar da ke hana ruwa shiga ta wurin, wani lokaci kuma 'yar washar da ke ƙarƙashin sukurun ce aka sake amfani da tsohuwa. Makanikai kan juye man, su hura iska kaɗan da famfon hannu mai agogo, su ga ko allurar za ta sauka, sannan su shafa ruwan sabulu su nemi inda kumfa ke tashi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne layin hoda da ke farawa daga gefen ƙarfen da aka ɗaure a bangon baya. A jirage da dama katako ne a tsakiyar bangon, an lulluɓe shi da faiba, kuma idan ruwa ya daɗe yana ratsa shi sai ya ruɓe, notuna su saki, ɗaurewa kuma ba ta ƙara komai sai matse ruɓaɓɓen itace. Nakan ƙwanƙwasa bangon da ƙotar sukuddireba in saurara, domin lafiyayyen wuri amonsa a tsaye yake, ruɓaɓɓe kuwa a dushe. Daga nan sai in sa mutum ya danna ƙafar da nauyin jikinsa, ni kuma in zuba wa bangon ido. Idan na ga ya motsa, jirgin ba ya komawa ruwa sai an fitar da inji an sake bangon.