Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Matan Ɗakin Tiyata

Makon jiya na tsaya a inda Malam ya samo galan ɗin fetur wurin 'yan bumburutu aka fito da ni daga Ƙofar Doka a Zariya zuwa asibiti. Daminar 1994 ce, ma'aikatan mai suna yajin aiki kan maganar Abiola, titi fayau ba mota. Likita ya danna cikina na yi ƙara, ya ce taifot ce ta huda hanji, ba a kwana da ita. Daren aka yi aikin. Ban san komai a kansa ba, ina barci.

Abin da na sani shi ne farkawa. Roba a hanci tana janyo wani koren ruwa daga ciki, robar fitsari a ƙasa, ƙarin ruwa a hannu, leɓe ya bushe ya tsage. Na roƙi ruwa. Sista ta dare, wata doguwa 'yar Kagoro, ta ce, "Maman biyu, ko ɗigo ba za ki sha ba sai hanjinki ya tashi." Ta jiƙa auduga ta goga mini a baki. Kullum da asuba sai ta sunkuyo ta tambaye ni ko na yi tusa. Ni da ko gaban Malam ba na ɗaga murya! Ranar da na ce mata na yi, tafi ta yi, gadon kusa suka kwashe da dariya, aka ba ni cokali biyu na ruwa.

Hajja, Allah Ya jiƙanta, takan ce, "Wanda ya ga tsiraicinka bai tona ba, uwarka ce." Muna yara mun ɗauka ungozoma take nufi.

To a nan dole in koma kan Baffa. Kun san shi ya hana ni shiga makarantar koyon aikin jinya bayan na gama sakandare, takarda a hannuna. Cewa ya yi 'yar gidanmu ba za ta kwana a waje tana kwashe kashin ƙatti ba. Haka ya faɗa a zaure, gaban Yaya Babba, ba wanda ya tanka. Masu kwashe kashin nan su ne suka zauna da ni lokacin da ɗinkin ya ruɓe ya buɗe, wari ya kori har Goggon Tudun Wada zuwa baranda. Safe da yamma sai an wanke ramin da ruwan gishiri, a matse mugunya, a cusa gozi da aka tsoma a zuma. Eh, zuma, Malam ya sayo a kasuwa, metiron da kanta ta ɗanɗana ta ce mai kyau ce. Mai wankin tana yi tana ba ni labarin tsadar tumatir don in manta da zafin. Ba ta taɓa toshe hanci ba.

Wasunsu a ƙafa suke zuwa daga Sabon Gari saboda rashin mai, farin takalmi a leda, silifa a ƙafa duk taɓo. Idan aka ɗauke wuta, da tocila a baki suke neman jijiya. Wani dare 'yar Kagoron ta kama hannuna tana ƙirga bugun jini, ta duba ledar fitsari ta ga babu komai, ta taɓa goshina. Ba ta ce mini uffan ba, ta fita da sauri ta taso likita daga barci. Shi ya faɗa wa Malam daga baya cewa da an kai safiya, da wani zance ake yi.

Kada a ce duk mala'iku ne. Akwai wata gajera mai faɗan tsiya, ita ce ke tilasta mini tashi in taka, in rungume matashi a ciki in yi tari. Na tsane ta a lokacin. Da ɗiyata ta shiga wannan karatu ta bayyana mini cewa kwanciyar ce ke kawo ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Yau ɗiyar tawa tana aiki a Saudiyya, ita ma tana cikin ma'aikatan jinyar da suka bar ƙasar nan, kuma ban ga laifinta ba, na san abin da ake biyansu a nan. Duk 12 ga Mayu takan turo mini hoto cikin fararen kaya, wai ranarsu ce ta duniya. Ni na kai ta makarantar da hannuna, ban shawarci kowa a gidanmu ba.

Da aka sallame ni, dangi suka haɗa kuɗi aka sayi rago aka kai wa likita. Ya cancanta. Na ce to matan ɗakin fa? Baffa ya ce ai aikinsu ne, ana biyansu. Shi likitan kyauta yake yi? Da na iya tsayuwa na sayar da ɗan kunnena, na yi musu dambun nama da cincin cike da samira, na kai da kaina. 'Yar Kagoron an riga an yi mata canjin wurin aiki. Har yau ban sake ganinta ba, kuma ba ta fita daga addu'ata ba.

Baffa kuwa, a shekarunsa na ƙarshe fitsari ya tsaya masa, aka sa masa roba. Masu kwashe kashin ne suka juya shi, suka goge shi, suka canja masa zanen gado, ba wadda ta fita da zancensa waje. Na tuna masa maganar Hajja a gefen gadon. Ya juya fuska bango ya ce in miƙo masa carbinsa.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda aka yi da gonar Hajja ta hanyar Giwa, wadda aka jinginar don kuɗin wannan jinya, da wanda ya ƙi mayar da ita.