Shagon taki a shekarar rabon tallafi

Taki nake sayarwa da iri da maganin feshi a wani ƙauye na yankin Auyo. Yawancin masu ciniki da ni manoman shinkafa ne na kwarin Haɗejiya, sai masu alkama da tumatir idan rani ya kama. Ribar buhu ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, abin da ke riƙe mu shi ne saurin juya jari. Kafin dashe nake saro takin kamfa (NPK) da na yuriya daga Kano, in jera su a kan katako don kada yuriya ta sha danshi ta daskare, sannan in jira.

Ranar da rediyo ya ce gwamnati za ta raba taki da rangwame, ranar ciniki ke tsayawa. Mutum zai shigo ya tambayi farashi, ya ce, “Alhaji, bari dai mu ga na gwamnati.” Ban ga laifinsa ba, wa zai ƙi rabin kuɗi? Sai dai shinkafa ba ta san jira ba. Bayan dashe da mako biyu zuwa uku take son takin farko don ta yi 'ya'ya daga gindi, sannan a bi ta da yuriya lokacin da za ta ɗauki ciki. Wanda ya tsaya sauraren sunansa a takardar rabo har wannan lokaci ya wuce, ko buhu goma ya zuba daga baya, ganye kawai zai ciyar. A wurin sussuka ake ganin asarar, amma ba mai lissafa ta a cikin kuɗin tallafi.

Idan kuma kayan suka iso a makare, kasuwa suke faɗawa. Na sha ganin buhu ranar kasuwa, a jikinsa an rubuta ba na sayarwa ba ne, an kifa rubutun ƙasa ana cinikinsa. Wani ma ba shi da ko kadada, sunansa ne dai ya shiga. Ni da na sa kuɗina, na biya mota da 'yan dako, yaya zan yi gogayya da wanda ya samu a rabin farashi?

Ba duk tallafi ne ke yi mana haka ba. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, saƙo ake turo wa manomi ta waya, ya je wurin dila mai rajista ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Kaya sun bi ta shaguna, kodayake manyan diloli ne suka fi cin moriya. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne shirin ƙarshen 2016, da aka riƙa shigo da sinadarin fosfat daga Maroko ana haɗa takin a masana'antun cikin gida, aka tsayar da buhu a naira 5,500. Babu takardar suna, babu ɗan wane. Farashi ya sauko wa kowa, gasa ta koma kan wanda kayansa ke da kyau da wanda zai iya ɗaga wa manomi ƙafa zuwa girbi.

Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zo mana ta wata ƙofar. Kuɗin mota daga Kano ya tashi, mai noman rani kuma sai ya fara cika injin ban ruwa kafin ya tuna da taki. Mai sayen buhu huɗu ya koma biyu, wasu suka mayar da injinansu na gas ko sola.

Yanzu ba na cika shago kamar da. Kaɗan-kaɗan nake sarowa, ina kasa kunne ga labarin rabo, kuma na ajiye mudu a bakin ƙofa, don masu awo sun fi masu buhu yawa. Bashi kuwa sai wanda na san gonarsa da ƙafata.