Alhamdulillahi, an fita kunya

Jiya bayan la'asar na fito daga ɗakin kare kundin digirina na biyu kan fim ɗin Shaihu Umar, ƙafafuna na rawa, amma an ce na haye. Waɗanda kuka biyo ni tun yajin aikin malaman jami'a na 2022 kun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba.

Da mai jarrabawa na waje ya ajiye biro ya ce, "Akwai masu sharhin da ke ganin Shaihu Umar ya sassauta munin bauta, ke me kika gani?" wallahi miyau ya ƙafe a bakina. Shekara uku ina tattara abin da aka rubuta kan wannan fim na Adamu Halilu na 1976, tun daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka ɗauko labarin daga ciki har sharhin da ya biyo bayan nuna gyararren kwafinsa a Berlin ta Jamus a 2018, sai ga shi duk ya gudu daga kaina.

Muryar Gwaggona ce ta faɗo mini. Na san ba ta son a ambace ta, ta yi haƙuri. Wani dare na kunna fim ɗin a kwamfuta tana gefe tana ɓare gyaɗa, fiye da awa biyu ba ta tashi ba. Da aka zo inda uwar Umar ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, ta ture faranti, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Ku kuna kallon malamin da ya zama, ni uwar da aka raba da ɗanta nake kallo." Da wannan na amsa. Mai jarrabawar ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Gwaggo, Allah ya ƙara miki lafiya, ya kai ki ɗakinsa, ya sa ki gama da duniya lafiya. Malamin da ya duba aikina, da bawan Allah mai shagon buga takardu da ya ɗaga mini ƙafa har wata biyu, Allah ya biya ku da Aljanna, ya jiƙan mahaifanku, ya raya muku zuri'a.

'Yan uwan da suka ce "yanzu har a kan fim ake digiri?" na ajiye muku kujeru jiya. Na yi ta waiwayen ƙofa har aka tashi. Ba komai, Allah ya bar zumunci.