Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a cinikin mota

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, mota ta iso gida Agege lafiya, jiya bayan La'asar aka taru aka yi mata addu'a. Audi A3 ce tokumbo, mai ƙofa uku, wato biyu a gefe sai ta but, irin ƙirar da aka fara fitarwa a 2003.

Godiyata ta farko ga Kawu, wanda ya bar shagonsa muka yi ta zagaye a kasuwar motoci ta Berger cikin rana. Shi ya hana ni biyan ko kwabo sai da aka gwada lambar jikin motar da ta takardun kwastan. Kawu, Allah ya ƙara girma.

Sai bakanikenmu, dattijon da ban san da bakin da zan gode masa ba. Na je masa da motoci biyu a raina, wannan da BMW 1 Series mai ƙofa uku. Bai kushe ko ɗaya ba, cewa ya yi in fara tambayar kuɗin kayan gyara kafin kuɗin mota. Ya kama hannuna har kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo, muka bi shago shago. A nan na gani da idona cewa A3 da Volkswagen Golf gindinsu ɗaya, kayan ƙasa da na inji da yawa suna shiga juna, kuma Golf ta cika gari. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuwa, ƙaramin inji ba abin rainawa ba ne. Dattijon ya kwanta a ƙarƙashin Audin da tocila, ya duba ko ruwa ya taɓa cin ta, ya kuma faɗa mini gaskiya: gajeriya ce, ranar da aka tafka ruwa a Legas in ajiye ta in hau bas.

Daɗin zama kam akwai shi, amma na mutum biyu ne. Kujerar gaba tana riƙe baya sosai, in ka rufe gilashi ka kunna esi a gosulon gadar Third Mainland, hayaniyar danfo da kyar take shigowa. Baya kuwa sai an kwantar da kujera mutum ya sunkuya ya kutsa, ƙofofin kuma dogaye ne, a matsattsen wuri buɗe su aiki ne. Da sanina na saya, domin yawanci ni da uwargida ne. Ita ma ina gode mata, tun jiya ta ce duk ranar da za mu ɗauki Hajiya, gaba na Hajiya ne.

Abokan adashinmu da suka bar mini ɗaukar wannan wata, da liman da maƙwabta da suka zo addu'a, Allah ya saka da alheri, ya ba kowa tasa, ya tsare mu da sharrin ƙarfe. Amin.