Mililita biyu: abin da na koya wajen sa wa ɓera na'urar numfashi

Aikin digirina na biyu a fannin nazarin yadda sassan jiki ke aiki a kan zuciya na yi shi, a wani ɗakin gwaje-gwaje nan Sakkwato. Ana ɗaure ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciyar ɓera na ɗan lokaci, a kwance, a ga irin ɓarnar da ta auku. Ba a kaiwa ga zuciya sai an buɗe ƙirji, ƙirji kuwa da zarar iskar waje ta shige shi huhu sai ya tsuke, dabbar ba ta iya jan numfashi da kanta. Dole wani abu ya riƙa hura mata. Masana sun daɗe da sanin wannan: tun 1543 Vesalius ya bayyana yadda ake zura kara mai rami a maƙogwaron dabba a hura, a 1667 kuma Robert Hooke ya riƙe ran kare da zugazugi a birnin Landan, ƙirjinsa a buɗe.

Tamu na'urar tsohuwa ce, irin mai fistin. Ƙaramin injin lantarki ne ke tura fistin cikin silinda, sai bawul da ke buɗe hanyar shiga ya rufe ta fita, sannan ya juya. Abu biyu kawai ake saitawa: yawan iskar da za a tura kowane bugu, da yawan bugu a minti. Ɓerayenmu farare ne, jinsin Wistar, kowanne wajen giram 250. Irin wannan ɓera iskar da yake buƙata a numfashi ɗaya ba ta wuce mililita biyu ba, ko rabin ƙaramin cokalin shayi ba ta kai ba, kuma yakan yi numfashi saba'in zuwa ɗari a minti. Duk wahalar aikin daga wannan ƙanƙantar take.

Abin da aka fara koya mini shi ne kada in gaskata lambar da ke jikin injin sai na auna. Babban ma'aikacin ɗakin, dattijo ne da muke ce wa Baba, ya cika silindar awo da ruwa, ya kifa ta a cikin kwano, ya zura bakin tiyo ta ƙarƙashi. Muka ƙirga bugu goma, iska ta kori ruwan, muka karanta inda ya tsaya muka raba goma. Bugun kuma da agogo a hannu muka ƙirga shi minti guda cur. Robar fistin idan ta tsufa tana yoyo, lamba na cewa biyu alhali abin da ke fita bai kai ba.

Sai tsawon tiyo. Daga mahaɗar da hanyar shiga da ta fita suka rabu zuwa maƙogwaron ɓera, duk iskar da ke ciki tsohuwa ce, ita za ta fara komawa huhu a bugu na gaba. A wurin mutum ɗan wannan tsawon ba komai ba ne. A wurin ɓera, tiyo mai ɗaukar rabin mililita ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na numfashinsa. Shi ya sa muke datse shi har mahaɗar ta kusa taɓa wuyan dabbar.

Sa kanula, wato ɗan siririn bututun roba da ake haɗawa da tiyon injin, a maƙogwaro aikin hannu ne mai son natsuwa. Bayan allurar barci ta kama, sai a matse yatsan ƙafar baya da ƙarfi. Idan ya janye ko kaɗan, ba a taɓa shi da wuƙa, a jira. Wannan ba na sassauci a kansa, ko da ɗalibin da nake taimakawa yana sauri. Sannan a tsaga fatar wuya, a ware tsoka biyu, maƙogwaron ya bayyana fari mai zobba-zobba. A zura zare ta ƙarƙashinsa, a ɗan yanka tsakanin zobe biyu, a sa robar kanular ƙarin ruwa mai lamba 14 ko 16, a ɗaure. Idan ta yi zurfi sai ta faɗa reshe ɗaya, huhu guda ya kumbura ɗayan yana kwance. Baba yakan tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, bar kallon injin ga. Duba gaban kusun. Mi kaka gani?" Abin da yake so in gani shi ne ɓangarorin ƙirji biyu suna tashi tare, a hankali, da tafin ƙafa da hanci suna nan jajaye-jajaye, ba su koma shuɗi ba.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne batun yawan iska. Hannun mai tausayi yakan so ya ƙara, yana ganin gara ta yi yawa da ta gaza. A 1974 Webb da Tierney sun gwada wannan a kan ɓeraye masu lafiya. Waɗanda aka hura wa iska da matsin da zai iya ɗaga ruwa santimita 45 a tiyo, huhunsu ya cika da ruwa, suka mutu cikin awa guda. Waɗanda aka ba matsi iri ɗaya amma aka bar musu saura na santimita 10 a ƙarshen kowace fitar numfashi, ruwan bai cika musu jakunkunan huhu ba. Shekaru 26 bayan haka, a 2000, wani babban gwaji a asibitocin Amurka kan masu tsananin ciwon huhu ya kwatanta hura iska mililita 6 da 12 a kowane kilo na nauyin jiki a numfashi ɗaya, mace-mace suka sauka daga kusan kashi 40 cikin ɗari a masu 12 zuwa 31 a masu 6. Duk wanda aka sa wa na'urar numfashi lokacin korona ya ci moriyar wannan ilimi, kuma ɓera na cikin waɗanda suka fara biyan kuɗinsa. Ina so ɗalibanmu su san haka kafin su kama dabbar.

Wannan sauran matsin, wanda likitoci ke kira PEEP, injinmu ba shi da maɓallinsa. Tiyon fitar iska muke nutsawa santimita biyu zuwa uku cikin kwalbar ruwa, shi ke nan. Kumfar da ke tashi ma ta zame mana shaida: idan ta daina, to akwai yoyo ko toshewa a wani wuri.

Sakkwato kuma tana da nata sharuɗɗan. Da hunturu iska a bushe take ƙarau, ga ƙura, majina ta yi kauri ta toshe kanula cikin ɗan lokaci, sai an riƙa zuƙe ta da siririn tiyo da sirinji. Ɓeran da ke cikin barcin allura ba ya iya riƙe zafin jikinsa, ya kamata ya tsaya wajen digiri 37, saboda haka da sanyin safiyar Janairu kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tawul ba ta barin gefensa. A watan Afrilu, zafi ya haura 40, akasin haka muke tsoro, don haka aikin sai da sassafe. Ɗaukewar wuta ita ce babbar fargaba, domin ɓeran da ƙirjinsa ke buɗe ba zai iya jiran a tayar da janareta ba. Ba na fara yanka sai na ga injin a kan inbata, batir a cike, da ƴar robar hurawa ta hannu a kan tebur.

A littafin aikina kowane ɓera yana da layinsa: nauyi, iskar da muka auna da ruwa a ranar, bugu a minti, zurfin tiyo a kwalba, da zafin jiki duk minti goma sha biyar. Idan bugun zuciya ya rikice a kan takardar na'urar da ke zana shi, nan nake fara dubawa kafin in ce jijiyar da na ɗaure ce ta jawo, domin iskar da ta yi yawa tana danne jinin da ke komawa zuciya, wadda ta gaza kuma tana tara gurɓatacciyar iska a jini, kowanne yana iya canza sakamakon.